Allo biyu da gaggawa ta ci mana

Mu a nan wajen Mirya, tukwane gado ne. Iyayenmu a fili suke gashi: a jera tuluna, a rufe da tsingaro da kara da kashin shanu, a sa wuta, sai abin da Allah ya fitar. Da ƙungiyarmu ta samu ɗakin gashi na bulo, muka ce bari mu gwada kwanoni masu sheƙi, irin waɗanda ake shafa wa magani ya narke kamar gilashi. Su ba a ɗora su kan juna, kowane sai ya zauna bisa allo mai jure wuta. Muka cire zubin wata huɗu daga asusu muka sayo allo shida.

Ranar da suka iso, uwar ƙungiya ta ce: “Ƴaƴana, a bar su su sha iska tukuna.” Muka ce: “Haba Inna, salla ta matso!” Muka cika ɗaki, muka hura wuta da ƙarfi. Da dare muka ji ƙara, tas! Da safe allo ɗaya ya rabe biyu. Wani kuma maganin ya zubo masa, kwano uku suka manne, sai da guduma, kuma har da naman allon suka fito. Ranar taro, da aka buɗe akwati, wallahi ba mai iya kallon ƴar'uwarta.

Daga baya muka gane. Sabon allo yana riƙe da danshi ko da ya bushe a ido, ga shi damina ce. Ruwa in ya kai zafin digiri 100 tururi yake zama, in wuta ta yi sauri bai samu hanyar fita ba sai ya tsaga allon. Shi kuma maganin sheƙi, in ya narke bai san kwano ba, bai san allo ba.

Huɗun da suka rage, ga yadda muka yi musu. Muka shanya su kwana uku. Muka samo farar lakar da ake kira kawolin da garin farin yashi mai laushi kamar na tuwo, rabi da rabi, muka dama ruwa-ruwa kamar madara. Muka shafa siriri sau uku, kowane shafi sai ya bushe, na biyu a gicciye da na farko. In ya yi kauri, ɓarewa yake. Sama kawai ake shafawa, don na ƙasa yakan zubo cikin kwanonin da ke ƙarƙashi. Sannan muka gasa su ba kaya, da wuta a hankali.

Yanzu kowane allo bisa ƙafa uku yake tsayawa, don uku ba ta girgiɗi. Gindin kowane kwano muna goge masa magani sarai. Bayan gashi a tsaye muke jingine allunan cikin ɗaki, nesa da raɓa. In za mu kankare tsohon shafi, mu jiƙa shi, mu ɗaure hanci, ƙurar ba ta da kyau ga huhu.

Kuɗin allo biyu mun mayar wa asusu kaɗan-kaɗan, mun gama kafin kaka. Ƴan'uwa, in kun sayi kayan aiki da zubinku, ku ba shi sati guda kafin ku nemi riba. Mun rubuta wannan cikin dokokin ƙungiya, Inna ce ta fara dangwala hannu.