Farautar Dodannin Aljihu

Akwai wani wasa da ake kira Pokémon, wanda na tabbata da yawa daga cikin 'yan'uwana 'yan makaranta sun san shi. Iyayenmu kuwa galibi iyakar saninsu da shi, su ga yaro ya sunkuyar da kai bisa wata 'yar na'ura, a kira shi sau uku bai amsa ba. To, su nake so in yi wa bayani, ko sa gane abin da muke nema a ciki.

Sunan wasan an gutsuro shi ne daga kalmomi biyu na Turanci, ma'anarsu dodannin aljihu. Aikin mai wasa shi ne ya yi ta yawo cikin daji da kogo da bakin ruwa, yana jifan waɗansu halittu da ƙwallo yana kama su, yana renonsu, yana cika wani littafi da sunayensu. Sa'ad da aka fara fitar da shi a ƙasar Japan cikin watan Fabrairu na 1996, halittun 151 ne, yanzu kuwa sun haura 1,000. Mafi yawansu ba su da wuyar samu, waɗansu ma har su gundure ka, ko'ina ka sa ƙafa cikin ciyawa sai sun tare ka. Amma akwai 'yan kaɗan waɗanda sai mutum ya ji jiki kafin ya sa su a ido, kuma da gangan aka yi su haka.

Mutumin da ya ƙago wasan, Satoshi Tajiri, ya tashi ne a Machida, gefen birnin Tokiyo, kuma tun yana yaro ba shi da aiki sai kamun ƙwari, kamar dai yadda mu ma muke bin fara da kaka, ko mu kewaye fitila muna kamun shinge bayan ruwan fari. Da ya girma, sai ya zama yana buga wani wasa mai suna Dragon Quest II, wanda ya fito a 1987. A cikinsa akwai wata hula mai wuyar samu. Ya nema ya nema bai samu ba, alhali kuwa abokin aikinsa Ken Sugimori yana da guda biyu, ga shi babu hanyar da zai ba shi ɗaya. Abin ya tsaya masa a rai. Saboda haka da ya ga wayar da ake haɗa Game Boy biyu da ita, sai ya ce lalle a wasansa mutane za su yi musaya. Aka fitar da kaset iri biyu, ja da kore, kowanne aka hana shi halittu 11 da ke cikin ɗayan. Waɗansu huɗu kuma ba su rikiɗa su kai ƙarshen girmansu sai an miƙa su ga wani. Watau komi ƙwazonka, ba ka cika littafin nan kai kaɗai.

Wanda ni ya fi ba ni wuya shi ne wani kifi da ake kira Feebas, a cikin kaset ɗin Emerald na 2004, wanda nake bugawa a wata tsohuwar Game Boy Advance da yayana ya bar mini. In ka ga kifin nan sai ka yi dariya. Ga shi launin ƙasa, jikinsa duk tabo, fukafukansa a yayyage, ba ƙarfi, ba kyan gani. A kogi ɗaya tak yake zama, na Hanya ta 119, inda ruwan sama ba ya cika ɗaukewa. An rarraba kogin gurbi gurbi kamar na dara, gurabun sun fi 400, amma a cikin 6 kaɗai ake samunsa. Ba kuwa wanda zai iya nuna maka su, domin kowane kaset da nasa. Ko ka dace da gurbin ma, rabin abin da fatsarka za ta kamo ne Feebas, sauran rabin waɗansu kifaye ne na banza. Ashe ke nan mutum na iya tsayawa daidai kansa, ya jefa fatsa sau ɗaya, ya wuce bai sani ba.

A nan ne lissafin da ake koya mana a aji ya yi mini rana. Na zauna na duba, in na kamo kifi sau huɗu a gurbi ɗaya, yiwuwar in rasa shi alhali yana nan ɗaya ce cikin 16. Na ga wannan ya isa. Na sami littafin lissafi mai gidaje, na zana kogin, na riƙa bi ina soke kowane gurbi da fensir. Akwai kuma wani tarko. A garin Dewford, can cikin wasan, akwai wata magana da mutanen garin ke yayi, in ta sauya, gurabun nan 6 su ma sai su tashi su koma wani wuri, duk wahalarka ta bi ruwa. Don haka ban ko taka garin ba har na gama. A hutun ƙarshen shekara na yi wannan aiki, kullum bayan la'asar, in na gama aiken gida. Ran kwana na tara, a gurbi na 118, sai ga mummunan kifin nan ya bayyana. Ihun da na yi har Inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu, tana tsammani kunama ce ta harbe ni.

Kamun ma ba shi ne ƙarshen aiki ba. Sai an yi ta ba shi wata alewa da ake haɗawa da 'ya'yan itatuwa har kyansa ya cika, sa'an nan ya rikiɗa ya zama Milotic, doguwar halitta mai kyau ƙwarai. In kuwa ka cika masa ciki da alewa maras kyau, sai ya ƙoshi kafin ya kai, shi ke nan. Da aka sabunta wasan a 2014 an sauƙaƙa samun Feebas ɗin, har ba a ɗauke shi a bakin kome ba. Ni dai ban ga an kyauta masa ba.

Amma kada iyaye su ce ina wanke wasan nan ne sarai. Akwai wata farauta a cikinsa wadda ni kaina nake jin tsoronta. Tun daga 1999 aka shigo da halittu masu ƙyalli, waɗanda launinsu ya bambanta da na 'yan'uwansu, ba su kuwa fi su ƙarfi da kome ba. A tsofaffin kaset, ɗaya ake samu cikin 8,192, sai a 2013 aka mai da shi ɗaya cikin 4,096. A ce kowace haɗuwa tana cin daƙiƙa 20, to 8,192 za su ci fiye da awa 45. Bayan wannan duka, yiwuwar a ce ka ga ɗaya kashi 63 ne kawai cikin 100, domin na'urar ba ta riƙe lissafin wahalarka, kowace haɗuwa sabuwa ce. Neman Feebas yana da iyaka, kowane gurbi ka soke aikin ya ragu. Wannan kuwa ba shi da gaɓa. Ɗalibin da ke da jarrabawa a gabansa, in ya faɗa ciki, uban da ya karɓe na'urar ya kulle a akwati bai zalunce shi ba.

Akwai kuma masu bin gajeriyar hanya. Wani yaro a unguwarmu ya sami lambobin maguɗi, dare ɗaya ya cika akwatunansa da masu ƙyalli. Muka taru muka kalla, muka watse. Ba wanda ya tambaye shi yadda ya kama ko ɗaya, don ba labarin da zai bayar, ba kuma wanda ya yarda ya yi musaya da shi. Kafin sati biyu ya daina wasan.

Ni kuwa da na koma gurbin nan na 118 na kamo namiji da mace, na kai su gidan reno da ke Hanya ta 117, suka yi ta ba ni ƙwai. Mu biyar ne ke da irin wannan na'ura a makarantar nan, kuma da aka dawo hutu kowa ya ji labari. Wani ɗan aji uku mai kaset ɗin Ruby, wanda a da ko gaisawa ba ma yi, ya ba ni Zangoose, wanda babu shi a Emerald, na ba shi Feebas ɗaya. Muka yi ciniki kamar a kara, har da su albarka. Yanzu Lunatone ya rage mini, shi kuwa sai a kaset ɗin Sapphire. Duk wanda ke da shi, ko ya san mai shi, ya neme ni a aji biyar ranar Asabar bayan an gama share-share. Feebas biyu suka rage, wayar haɗawa kuma tana wurina.