'Yarki Ta Ce Likita Za Ta Zama? Ki Tambayi Dalilinta

Idan 'yarki ta ce likita take son zama, kada ki tsaya a guɗa da sa albarka kawai. Ki zaunar da ita ki ji dalilinta, domin shi ne guzurin da zai kai ta ƙarshen tafiya.

A Islamiyyar da nake koyarwa a Yelwan Yauri, dalilai iri biyu nake ji daga ɗalibaina. Wasu farar riga ce ke burge su, da albashi, da a kira su Dakta. Wasu kuwa abin da idonsu ya gani ne. Sun ga mai naƙuda an ɗauko ta a kwale-kwale daga ƙauyukan bakin ruwa na Ngaski ko Shanga, tafiya ta yi nisa, jini na zuba. Sun ga ƙannensu na fitsarin jini saboda tsargiya, cutar da ake ɗauka wajen wanka da wanki a ruwan da ke da dodon koɗi, irin gaɓar tafkin Kainji da aka tare tun 1968. Sun ga iyayensu mata na ɓoye ciwon mama har ya ci jiki, don kunyar likita namiji.

'Yar'uwa, karatun nan ba wasa ba ne. Shekara 6 ne a jami'a, kamar ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, ga kwanan aiki. Mai neman suna tana iya sarewa a hanya. Wadda tausayi ya kai ta ita ke jurewa.

Addininmu bai bar mu a duhu ba. Imam Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, Rufaida Al-Aslamiyya kuma ta yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu a tantinta bayan yaƙin Handaƙ.

Saboda haka ki taya ta gyara niyya. Ki rage mata aikin gida lokacin jarrabawa. In manemi ya fito, ki sa mahaifinta ya yi maganar karatun tun kafin a sa rana. In kuma makinta bai kai ba, ungozoma da nas ma rai suke ceta. Wadda ba ta da ra'ayi kuwa, kada ki tilasta mata don a ce ke uwar likita ce.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.