Ranar da Inna Ta Ji Takun Kyanwa

Inna ce ta fara lura. Muna zaune a tsakar gida bayan isha'i, sai ta ɗaga hannu ta ce mu yi shiru. "Kun ji? Tun yaushe kyanwa ta fara taku?" Muka kasa kunne. Lami ce ke tahowa daga wajen madafi, kowace ƙafa da 'yar ƙararta a kan siminti, ƙwas, ƙwas, kamar amarya ta sa takalmi mai tsini. Mu duk dariya muka yi. Inna kuwa bin ta da kallo ta yi har ta shige ƙarƙashin gado.

Shekara 14 ke nan Lami tana gidanmu. Ƙanwata ce ta tsinto ta a bayan shagon wani mai hatsi, ko idonta bai gama buɗewa ba. Sunan ya samo asali ne daga karin maganar nan ta kyanwar Lami, ba kya cizo ba kya yakushi, kuma ta ci sunanta, don yara har goya ta suke yi. Ɓeraye ne kaɗai ba za su ba da wannan shaidar ba. Tun zuwanta ba mu sake ɗinke buhun masara ba.

Bayan wannan daren abubuwa suka yi ta biyo baya. Ta hau darduma, farce ya maƙale, ta yi ta fizga tana kuka sai da aka ɓanɓare ta. Ta zare zaren labule. Ta yage wa Inna gefen zane. Ran nan ɗan yayata ya ɗauke ta kamar yadda ya saba, ta bar masa zane uku a hannu. Nan aka fara maganar da aka saba yi: ta tsufa, ta fara mugunta, a sa ta a buhu a kai ta bayan kasuwa a saki. Ban ɓoye muku ba, ni ma ban musa ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɗingishin da na ga ta fara. Da na kama ta na juya dagin hannunta na dama, sai na ga farce ɗaya ya lanƙwashe kamar ƙugiya, ya zagayo ya nutse a cikin tsokar tafin, wurin ya kumbura yana ruwa. Ashe duk lokacin da ta taka, kanta take soka.

Washegari na sa ta a kwando na nufi asibitin dabbobi. Likitan ya yanke farcen, ya zare guntun, ya wanke wurin, ya rubuta magani. Yana cikin aikin ya tambaye ni, "Malam, a ganinka kyanwa wahalar ɓoye farce take yi ko wahalar fito da shi?" Na ce ai ɓoyewa. Ya ce akasin haka ne. In kyanwa tana zaune lafiya, akwai wasu jijiyoyi masu talewa kamar roba da ke naɗe ƙashin ƙarshe na kowane yatsa sama, farcen ya kwanta a kubensa ba tare da ta yi komai ba. Sai za ta kama ɓera ko ta hau bishiya ne take jan wata jijiyar, farcen ya fito. Shi ya sa take tafiya ba a ji, shi ya sa kuma kaifin ba ya dakushewa a ƙasa irin na kare.

Farcenta 18 ne: biyar-biyar a hannuwa, huɗu-huɗu a ƙafafun baya. Kuma ɓawo-ɓawo yake fitowa kamar albasa. Kartar da muke kore ta a kai, a jikin ƙofa ko kujera, da ita take ɓare tsohon ɓawo, sabo mai kaifi ya bayyana. To in ta tsufa, amosanin gaɓɓai ya kama ta, miƙewa ta karci itace ya zama aiki. Ɓawo ya yi ta hawa kan ɓawo, farce ya yi kauri ya yi tsawo har kuben ya kasa ɗaukarsa, robar ma ta saki. Wanda ya fi saurin shiga nama shi ne ɗan farcen nan na gefen hannu, mai kama da babban yatsa, don ba ya taɓa ƙasa balle ya goge. Ya ce wani lokaci kuma alama ce ta wata cutar daban, musamman ta tayirod, wadda ke sa tsohuwar kyanwa ta yi ta ci tana ramewa. In kuwa yatsa ɗaya ne kawai ya ƙi komawa a kyanwa mai ƙuruciya, a binciki rauni ko karaya.

Ba kullum ne zaman farce a waje yake zama cuta ba. 'Ya'yan kyanwa da faratansu a waje ake haifarsu, sai sun kai kusan wata guda suke iya mayar da su. A dawa ma, rabbi, wanda ya fi duk dabbobin tudu gudu, nasa ba sa ɓuya gaba ɗaya, da su yake dafe ƙasa in ya zabura, tamkar ƙusoshin takalmin ɗan tsere. Amma abin da yake baiwa ga rabbi, ga tsohuwar kyanwa a kan siminti azaba ce.

Sai na yi tambayar da nake jin kunyarta yanzu. Na ce, "Likita, ba za a cire mata su gaba ɗaya kowa ya huta ba?" Ya kama yatsana manuni, ya ɗora babban yatsansa a kan gaɓar ƙarshe. Ya ce daga nan ake gutsurewa, don farcen kyanwa a jikin ƙashi yake tsirowa, ba a raba su. Sau goma, in hannuwa kawai za a yi. Wasu da aka yi wa haka suna ƙare rayuwarsu da ciwon taku, wasu su koma cizo tunda an karɓe musu makami. A Amurka an daɗe ana yi don kare kujerun falo, amma jihar New York ta haramta shi a 2019, Maryland ta bi a 2022. A Ingila da ƙasashen Turai da dama laifi ne sai in cuta ce ta tilasta. Masu kyanwar ɗaki a can kan manna wa faratan 'yan hulunan roba da ke faɗuwa bayan sati 4 zuwa 6, amma wannan ba na irin tamu ba ne mai hawa katanga tana tsere wa karnuka.

Abin da muke yi yanzu bai kai kuɗin katin waya ba. Duk bayan sati biyu ko uku, in ta ci ta ƙoshi barci ya fara ɗaukarta, Inna ta rungume ta a cinya cikin tawul. Ni kuma in danna dagin a hankali har farcen ya fito, in haska shi da fitilar waya. Za ka ga wani ja-ja a ciki daga gindi; nan jini da jijiya suke, ba a zuwa kusa da shi. Tsinin kawai ake ɗauka, da abin yankan farce mai kaifi wanda aka ware mata. Sau ɗaya na zarce, jini ya fito, na danna garin sitaci a wurin ya tsaya, amma kwana biyu tana harara ta. In ta fara kaɗa jela, mu ƙyale ta, gobe ma rana ce. Mun kuma kwantar mata da wani kututture a gindin bango, tunda ba ta iya miƙewa tsaye ta karta.

Abu biyu nake roƙon mai karanta wannan. In farcen ya riga ya shiga nama, kada ka fizge shi a gida, kai ta wurin likita. In kuma kyanwar da ba ka sani ba ce ta yakushi yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti, don ba kare kaɗai ke ɗauke da ciwon hauka ba.

Har yanzu maganar sa ta a buhun nan tana damuna. Tun muna makarantar allo aka gaya mana labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, aka kuma gaya mana inda Abu Huraira ya samo laƙabinsa. Duk mun haddace. Amma shekara 14 tana mana gadi ba albashi, ranar da jikinta ya gaza sai muka kira abin mugunta, alhali ciwo ne ya sa ta yakushi yaron, ba ta da bakin faɗa.

Daren jiya bayan na gama da Lami ina kakkaɓe tawul, Inna ta miƙo ƙafarta daga cikin zane, tana kallon wani wajen. Ta ce, "In hannunka bai gaji ba, ga nawa. Na kwana biyu ba na iya sunkuyawa." Na haska fitilar. Farcen babban yatsanta ya yi kauri, ya fara shiga nama ta gefe. Gida ɗaya muke kwana, ban taɓa dubawa ba.

Na je na ɗauko ruwan ɗumi a roba, na zauna a ƙasa.