Ƙofar da Ba a Rufe Ba

Mu da muka tashi a gaban malamai da littafin mawaƙan Jahiliyya, mun san mawaƙin da ke tsayawa a kufan masoyiyarsa yana zubar da hawaye. Ba mu zaci za mu sake cin karo da shi a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina ba, sai da wani ɗanmu mai karatun Sifaniyanci ya zauna ya warware mana ma'anar waƙoƙin tango.

Tango ta tsiro ne a ƙarshen ƙarni na 19, a unguwannin talakawa na Buenos Aires da Montevideo, tsakanin baƙi daga Italiya da Sifaniya da jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Yawancin baƙin nan maza ne, sun baro gida, sun cunkusu a gidajen haya. Mu 'yan zango ba sai an yi mana bayanin wannan zama ba.

A 1917 Carlos Gardel ya rera "Mi noche triste", wadda Pascual Contursi ya tsara baitocinta. Mutum ne matarsa ta tafi ta bar shi. Kufansa ɗakin haya ne, ga madubi ga fitila ga jita da ba mai kaɗawa. Yana zarginta da gudu, amma dare ya yi ya kasa rufe ƙofa, ko za ta dawo. A nan tango ta kama mu. Shekaru muna riƙe da alƙalami a zauren mai unguwa ana sasanta ma'aurata, kuma sau nawa magidanci ya zo yana kumfar baki, ya lissafa laifuffukan matarsa tun daga ranar ɗaurin aure, amma da an ambaci takardar saki sai ya sunkuyar da kai, ya ce a dai aika gidan iyayenta a yi biko?

Abin da ya sosa mana rai shi ne, a yawancin waƙoƙin nan ba a jin bakin matar. Maza ne suka rubuta, su ne masu ƙara, su ne shaidu. Me ya kore ta, yunwa ko duka ko wulaƙanci, waƙar ba ta cika tambaya ba. A zaurenmu aƙalla akan kira ta a saurare ta.

Ɗan Contursi, José María, ya ɗauki laifin a kansa. Yana da aure ya kamu da son wata yarinya, ya bar ta ya koma ga iyalinsa, sannan a 1942 ya fitar da waƙar nadama mai ɗauke da sunanta, "Gricel". Bayan rasuwar matarsa suka sake haɗuwa, aka ɗaura musu aure a 1967, shekara 25 da fitar waƙar. Kusan shekara biyar kacal suka yi da aure, ya rasu a 1972.