Mu 'Yan Tudu da Jiragen Zobe

Musawa ƙasar tudu ce, ƙasar dawa da gyaɗa da auduga. Duk wanda ya tashi a can a ƙarshen shekarun 1970 ruwa iri biyu ya sani: na rijiya, da na kogin da ke zuwa da damina kamar baƙon da ba ya kwana. Da rani kogi yashi ne zalla. A kansa muke kokawa, mata kuma su tona shi da ƙwarya su tsuguna jiran ruwa ya tsattsafo. Amma a watan Agusta, in an kwana ana ruwa a can sama, sai a wayi gari ya kawo jajawur, yana tafe da kututture da kara, wani lokaci har da mushen akuya. Masu zuwa cin kasuwa su sauke kaya a gaɓa, su zauna jiran ya janye.

Wanda ba ya iya jira sai ya nemi 'yan fito. Ba jirgi gare su ba, gora ne ƙato wanda hannu biyu ba sa zagaye shi. Ka tuɓe riga ka naɗa a ka, ka kifa ƙirji a kan goran, ɗan fito ya kama hannuwanka ta ɗaya ɓarin yana iyo da ƙafa. Ba ya nufar tsallake kai tsaye. Sai ya hau da kai can sama tukuna, ya bar ruwa ya kwaso ku a karkace har ku faɗa mashigin da ya auna da ido tun kuna kan tudu. 'Yan kwabbai ne kuɗin fito. In kuwa ya dubi ruwan ya ce yau ba a shiga, to ko dagaci ne sai ya haƙura.

Kamun kifi don nishaɗi aikin yara ne a wurinmu. Mu yanko sanda, mu ɗaura zare da ƙugiyar da muka saya ranar kasuwa, mu soka tana, mu maƙala ɓargon kara don mu ga lokacin da tarwaɗa ta taɓa. Magidanci ya zauna bakin tafki da fatsa, rana tsaka, ba don cefane ba? Kafin la'asar an fara tambayar ko lafiyarsa ƙalau. Manya sai ranar su, in ruwan tafki ya ja baya aka yi shela, kowa ya fito da homarsa.

Ana haka aka datse kogin Karaduwa a ƙasar Dutsin-ma. A 1983 aka gama madatsar Zobe, shekarar ƙarshe ta mulkin Alhaji Shehu Shagari, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, don sai 1987 aka yanke Katsina. Labarin ya riga ruwan isowa garinmu: wai an yi teku a bayan Matazu. Kawuna yana sarin bandar kifi yana kaiwa Malumfashi da Funtua, shi ya ɗauke ni wani hutun makaranta don in riƙe masa buhu.

Sammako muka yi. Abin da ya fara tarye mu wari ne, ƙarnin kifi da hayaƙin banda, tun ba mu hango ruwa ba. Wurin da jirage ke tsayawa ba siminti ba dakali, laka ce kawai da sawun ƙafa da na shanu. Amma kowane kwalekwale da turkensa, kuma ba mai ɗaure nasa a turken wani. Jiragen na katako ne, an cusa tsumma a mahaɗar allunan an shafe da kwalta. Kowanne da gwangwanin kwarfe ruwa a ciki, da filafili, da doguwar gwangwala ta tunkuɗa shi in an zo wuri mara zurfi. Masuntan da yawansu baƙi ne, daga harshensu ka san mutanen Yawuri ne da Argungu da suka biyo sabon ruwa. Su suka zo da kalli da birgi da mamari, 'yan ƙasa suka koya a hannunsu. Jirgi na taɓa laka masu daro su yi caa a kansa, ana ware karfasa gefe, tarwaɗa gefe, ana ciniki da ƙarfi kamar za a yi faɗa, ba a yi.

Can ƙarƙashin wata rumfar zana Sarkin Ruwa ke zaune, dattijo ne siriri mai jan ido. Ba ya rubutu, amma ya san jirgi nawa ya fita da asuba, ya san wanda bai dawo ba. Shi ke raba rigimar wanda aka yanke wa kalli, shi ke hana raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi. Kawu ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Sarki, yaron nan nawa tun jiya yake damuna, wai a ɗan zagaya da shi."

Dattijon ya dube ni sama da ƙasa. "Ka iya ruwa, samari?"

"Na iya na kududdufi, Baba."

"To wannan ba kududdufi ba ne. Zauna tsakiya, kama katako, ko me ka gani kada ka miƙe."

Ya kira wani saurayi ya ce kada ya wuce da ni inda gwangwala ke taɓa ƙasa. Mun bi ta kan gonakin da ruwa ya ci, busassun rassan itatuwa na leƙowa, saurayin yana kauce musu ba tare da ya duba ba. Da muka dawo masu daro suka yi ta dariya: ga wanda aka kai yawo a jirgi, bai je ko'ina ba, bai kamo komai ba.

Sai da makaranta ta kai mu yawon buɗe ido Kano na ga ashe akwai masu biyan kuɗi don wannan yawon da aka yi mini dariya a kansa. Gwamna Audu Bako ya gina madatsar Tiga, aka gama a 1974, ga kuma otal a bakin tafkin Bagauda. A can na fara ganin jirgi mai inji, fari fes, wanda ba a taɓa jefa kifi a cikinsa ba, ma'aikata da iyalansu na hawa ranar hutu. Audu Bako ya yi tunanin cewa ruwan da aka tara don noma yana iya zama wurin shaƙatawa. Bai daɗe ba abin ya lafa, otal ɗin Bagauda yau makarantar horar da lauyoyi ce. A Legas kuwa tun 1932 Turawa suka kafa kulob ɗin masu jiragen shaƙatawa, yana nan har gobe, sai dai ba wurin talaka ba ne.

Zobe ba ta samu ko wannan ɗan marmarin ba. Ruwan da aka tara don noman rani da famfo ya yi kusan shekara arba'in yawancinsa a kwance, sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ruwan shan da ake jawowa daga can. A ganina masu tsara madatsun Arewa sun lissafa kadada, sun lissafa bututu, ba su lissafa mutumin da zai shiga ruwan ba. Alhali duk inda aka datse kogi an yanke wa wasu ƙauyuka hanya, an mai da manomin da bai iya iyo ba fasinjan kwalekwale. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, a Jihar Kano, mutum fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Lodi ne ya yi yawa. Dakalin siminti mai gangara, da rigunan ruwa, da mutum ɗaya mai ikon cewa ya isa haka, kuɗinsu bai kai na kwalbati biyu ba.

Rabona da Zobe an jima, tun da hanyoyin Matazu da Ɗanmusa da Safana suka zama sai da addu'a saboda 'yan bindiga. Kifin da ake soyawa a tashar Malumfashi yanzu da yawansa tarwaɗar gidan gona ce. Yawon ruwan kuma, da aka ce ba namu ba ne, samari sun ɗauke shi da kansu. Da sallah sukan yi ayari a kan babura su tafi Mairuwa ta Funtua, su ba masunci ɗan abin da ya samu ya zagaya da su. Ɗan ƙanwata ya nuna mini hoton nasu a waya: sun cika jirgin kamun kifi maƙil, bakinsa saura kaɗan ya sha ruwa, uku a tsaye suna ɗaga yatsu, ba mai rigar ruwa ko ɗaya. Na ce wa ya ba su izinin hawa haka. Ya ce, "Kawu, izinin wa? Mai jirgin ne ma ya ce a ƙaro mutum biyu kuɗin su cika."