Ƙaramar mota da nauyin tashi

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, hirar mota ta sauya a majalisunmu. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, sai masu manyan motoci suka shiga kai su wurin dillalai suna neman ƙanana, irin masu guntun bayan nan da ƙofarsu ta biyar ke ɗaguwa sama. Na zauna da mutane da dama bayan sun yi wannan musanya, kuma kukansu ɗaya ne: motar ba ta shan mai, amma idan danja ta ba da hannu sai a taka totur ta tsaya tana shawara, 'yan Adaidaita Sahu na wuce ta.

Abin da akasari ke yi shi ne garzayawa gareji, a wanke nan a canza can, kuɗi su tafi, mota tana nan yadda take. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta. Dillali zai faɗa maka ƙarfin dokin inji, amma abin da ke tayar da mota daga tsaye shi ne ƙarfin murɗa, wanda ake aunawa da niyutan-mita, da kuma yawan juyin da inji zai kai a minti ɗaya kafin wannan ƙarfi ya cika. Toyota Yaris mai injin lita 1.0 da silinda uku tana ba da niyutan-mita 93 ne, shi ma sai inji ya kai juyi 3,600. Honda Jazz ta farko mai lita 1.4 tana ba da 119 a juyi 2,800. Tsohuwar Golf 3 mai lita 1.8 kuwa 145 take bayarwa tun a juyi 2,500. Wanda ya san tashoshinmu ya ga dalilin da ya sa direbobin haya suka riƙe Golf har yau duk da tsufanta: da fasinja da buhuna take tashi ba tare da an yi mata magiya ba.

A cikin gari, a cunkoson Kano ko Kaduna, allurar da ke nuna juyin inji ba ta cika wuce 2,000 ba, wato daidai inda ƙaramin inji ya fi rauni. Ga na'urar sanyaya da ke cin rabonta daga wannan ɗan ƙarfin, kuma wa zai kashe ta a watan Afrilu? Ga iyali biyar da kayan cefane. Ga iska mai zafi, wadda ba ta kai ta sanyi kauri ba, inji bai samun isasshiya. Wanda zai hau Hawan Kibo zuwa Jos ma ya ƙara da asarar da tudu ke jawowa, kusan kashi ɗaya cikin goma.

Akwai kuma laifin ƙafa da hannu. Don tsimin mai, wasu kan saka giya ta huɗu mota tana tafiyar kilomita 30, inji yana kakkarwa kamar mai masassara. Ƙaramin inji yana son a bar shi ya yi ƙara kafin a sauya giya, kuma tauye shi ɗin nan yana gajiyar da shi ba tare da wani tsimin a zo a gani ba. Masu Jazz ɗin da na ambata su lura: injinta filogi takwas gare shi, biyu a kowace silinda. Bakaniken da bai sani ba zai canza huɗun gaba ya bar na baya, sai motar ta yi nauyi a rasa dalili.

Idan aka tambaye ni wacce ta fi biyan kuɗinta, ni dai ba na bai wa magidanci shawarar mai lita 1.0, sai in shi kaɗai zai riƙa zuwa aiki da ita. Ɗan man da ya rage a takarda yakan tafi wajen danne totur har ƙasa. Na fi karkata ga lita 1.3 zuwa 1.5 mai giyar hannu, wadda za a samu kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba tare da an jira saƙo daga Legas ba. Golf 3 tana da ƙarfi, amma an daina ƙera ta tun kafin shekarar 2000, kuma samun wadda haya ba ta cinye ba aiki ne.

Kafin a biya, a roƙi dillali ya bari a ɗebi mutum huɗu a ciki, a kunna na'urar sanyaya da tsakar rana, a nemi hawan gada a tsaya cak a tsakiyarsa, sannan a tashi. Dillalin da ya ce sai dai a zagaya fili da ita babu kowa a ciki, ni nan nake yi masa sallama.