Kano a Wuni Ɗaya: Abin da Zagayawa da Baƙi Ya Koya Mini

Ranar da na fara ɗaukar baƙi yawon buɗe ido a cikin Kano, na koma gida ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina aiki ne a ƙaramin kamfanin tafiye-tafiye na yayata, sana'armu yankan tikitin jirgi da shirya wa mutane Umara. Wata rana wasu mata shida suka zo biki daga Abuja da yaransu, suka ce wuni ɗaya rak ya rage musu, suna so a nuna musu gari. Na ce ai wannan ba komai ba ne, ni da aka haifa a Kano. Na zauna na jera wurare 10 a takarda.

Ba mu bar masauki ba sai ƙarfe 11. Muka isa gindin Dala rana ta take, wata mai goyo ta ɗaga kai ta kalli matakalar, ta ce ita dai a bar ta a mota. Yara suka fara kukan yunwa, cunkoson adaidaita sahu ya riƙe mu a cikin gari. Magariba ta yi mana wuri uku kaɗai muka gani, su ma a gurguje. Matan nan ba su yi mini faɗa ba, godiya ma suka yi, kuma wannan godiyar ta fi faɗa ciwo. Da na ba yayata labari sai ta ce, "Ƙanwata, kin manta da rana, kin manta da ciki, kin manta da ƙafa." Tun daga ranar, da waɗannan ukun nake auna kowane shiri.

Yanzu wuri huɗu nake sa wa a wuni, biyar in baƙin matasa ne. Dala ce ta farko, kuma da ƙarfe 7:30 na safe nake so mu kasance a gindinta, kafin dutsen ya ɗauki zafi. Hawan na sa haki, amma idan aka kai sama gajiya na gushewa. Ga Goron Dutse can yana kallonki, ga hasumiyoyin masallatai, ga rufin gidaje iya ganinki. A nan nake ba yara labarin Barbushe da Tsumburbura, da maƙeran da suka zauna a gindin dutsen tun kafin a yi sarauta a Kano. Daga sama kuma nake nuna musu inda ganuwa ta bi, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa kimanin shekara 900 da suka wuce. Idan lokacin hunturu ne nakan gaya wa baƙi tun a ƙasa cewa hazo na iya rufe musu gari, don kada su hau da dogon buri.

Daga Dala, Kasuwar Kurmi ce ta fi kusa, kuma duk sabon mai shiri zai ce a shiga nan. Na taɓa yin haka, muka tarar da rabin rumfuna a rufe, don kasuwa ba ta cika da sassafe. Saboda haka nake tsallake ta mu wuce marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Da hantsi za ki sami marina a bakin ramukansu, suna tsoma ƙyalle a ruwan baba da aka haɗa da toka da kanwa. Abin da ke ba yara mamaki shi ne ƙyallen na fitowa da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonsu. A kusa kuma akwai masu bugu, waɗanda ke dukan tufa a kan gungume har ta yi sheƙi. Dokata a nan biyu ce: kowace uwa ta riƙe hannun ɗanta, don ramukan suna da zurfi, kuma ba a ɗaukar mutum hoto sai an yi sallama an nemi izini. Mutanen nan neman abincinsu suke yi. Ki sayi ko ɗan kallabi ne, ya fi "sannu da aiki" kawai.

Idan rana ta fara zafi sai mu nemi inuwa, wato Gidan Makama, daura da fadar sarki. Gini ne na ƙasa mai kaurin bango, kina shiga za ki ji sanyi. Tarihinsa na komawa zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A ciki akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan sarakuna, da labarin zuwan Turawa a 1903. Awa ɗaya ta isa. Da an fito a tsaya a Ƙofar Kudu a ga fuskar Gidan Rumfa, sannan a yi sallar azahar a ci abinci. Wannan hutun ba na taɓa shi ko mun makara. Nakan san tun jiya inda za mu ci da inda mata za su kama ruwa, don wannan ne abin da baƙuwa ke jin nauyin tambaya. Wanda bai taɓa cin gurasa bandashe ba, a ranar yake fara ci.

Kurmi ce ta ƙarshe, don mai saye ba ya son a ce masa ya yi sauri, kuma ba a yawo da kaya a hannu. Lungunanta matsattsu ne, ga jakunkunan fata, ga duwatsun wuya, ga turare, ga linzami da sirdi. Nakan ajiye mota a waje ɗaya, in ba kowa lambar direba, mu sa lokacin haɗuwa.

Amma wannan jerin ba aya ba ne. Wata Hajiya ta zo mana daga Kumasi, dattijuwa, washegari jirginta zai tashi. Kafin in buɗe takardata na tambaye ta, "Hajiya, me kika fi son gani?" Ta ce kakanta bafatake ne, goro yake ɗaukowa daga Gwanja, kuma tun tana yarinya take jin sunan Kurmi a bakinsa. Nan take na soke Dala, don gwiwarta ba za ta iya ba, na ba ta awa uku a kasuwa. Ta zauna a rumfar wani dattijo mai sayar da kayan fata suna ta hira, shi da Hausarsa ta cikin badala, ita da tata ta Zango. Ba ta sayi komai ba sai 'yar jaka guda ɗaya ta kai wa jikarta. A mota ta riƙe hannuna ta yi ta sa mini albarka har muka iso masauki.

Ga 'yan uwa masu wannan sana'a, ga abin da na tara. A kira kowane wuri ana gobe a tabbatar yana buɗe. A bar rabin awa tsakanin wuri da wuri saboda cunkoso. A guji sa yawon cikin gari da tsakar ranar Juma'a, don hanyoyin babban masallaci na cika. A riƙe canji da ruwan sha a mota. A faɗa wa baƙo kuɗin komai tun farko, har da na shiga wurare, kada a riƙa miƙa masa hannu a kowace ƙofa.

Ke kuma uwargida, ba sai kin jira kamfani ba. Ni kaina sai da na zagaya da 'ya'yan mutane da yawa kafin autana ya tambaye ni, "Umma, mu yaushe za ki kai mu Dala?" Kunya ta kama ni. Asabar ɗin da ta biyo muka tafi da sassafe, da gorar ruwa da ƙosai a leda. Ya riga ni kaiwa sama, na iso ina haki na tarar yana ta neman rufin gidanmu.